BAYAN KYAMARA: Fitilun Radha a Sholay

Duk wanda ya kalli Sholay zai tuna muguntar Gabbar Singh da surutun Basanti. Amma akwai wani ɗan sin da ba faɗa, ba rawa, ba wanda ya ce uffan, kuma shi ne ya fi tsayawa a rai.

Magariba ta yi. Radha (Jaya Bhaduri), surukar Thakur wadda Gabbar ya kashe mata miji, ta fito baranda cikin fararen kayan da matan Hindu ke sawa in miji ya rasu. Tana bin fitilun ɗaya bayan ɗaya tana kashewa. Can ƙasa kuma Jai (Amitabh Bachchan) na zaune yana hura ɗan abin busarsa, yana satar kallonta. Shi ke nan fa sin ɗin! Amma kafin fitilar ƙarshe ta mutu, ɗan kallo ya gama gane cewa so ya kama mutanen nan biyu, kuma al'ada ta gindaya masu katanga.

Sirrin yana wurin haske. Darakta Ramesh Sippy da mai ɗaukar hotonsa Dwarka Divecha sun nace sai an ɗauka a ɗan tsakanin nan bayan faɗuwar rana, kafin duhu ya rufe. A lokacin sama na da sauran shuɗi-shuɗi, harshen fitila kuma na ba da ruwan ɗorawa, kowanne kyamara na kama shi. In aka yi sauri, hasken rana zai cinye fitilar. In aka makara, baranda ta ɓace. Mintoci kaɗan ne a kullum, shi ya sa gajerun fitowar nan suka ci kusan kwana 20 a lokeshin ɗinsu na Ramanagara, kusa da Bangalore. Fim ɗin ya fito a 1975.

To, kwana 20! Furodusan Kano da aka faɗa wa haka zai ce an haɗa baki za a karya shi, kuma yana da gaskiyarsa, jarin ba ɗaya ba ne. Sai dai magariba kyauta ce, fitilar ƙwai ma ba tsada. Abin da ake yawan gani a finafinan Hausa shi ne a tada janareto, a haske falo tar kamar shagon gwal, ko sin ɗin biki ne ko na zaman makoki. Jaruma na kuka, amma ɗakin na dariya.

Abin ya fi ciwo a finafinan soyayya, inda jarumi ba ya taɓa jaruma, ga tarbiyya ga dokar Hukumar Tace Finafinai. Jai ma ko kusa da Radha bai je ba a sin ɗin nan. Shi yana ƙasa, ita tana sama, Divecha ya bar rabin fuskarta a inuwa, sannan ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.