Ba a fafe gora ranar tafiya: Dalilin da ya sa ya kamata matashi ya rubuta burinsa da manufarsa

Duk lokacin da aka sallami wani rukuni na masu yi wa ƙasa hidima, dubban matasa kan koma gida da takardar shaida a jaka da kakin da ba za su sake sakawa ba. Alawus ɗin Naira 77,000 da suka saba gani a ƙarshen wata ya tsaya. Daga nan sai tambayar dangi ta fara: "To, yanzu sai me?" Amsar da aka fi ji ita ce, "Duk abin da ya samu."

Amsa ce mai kama da tawali'u, amma tana da tsada. Wanda ya ce duk abin da ya samu, yau yana cike fom ɗin shiga aikin kwastam, gobe ya ci bashi ya buɗe shagon POS, jibi kuma wani aboki ya ja shi harkar kirifto. Bayan shekara biyar yana da labarin sana'a shida, amma babu ɗaya da za a ce a je wurin wane don shi ya iya ta.

Babu mai musun cewa aiki ya yi wuya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. A 2023 adadin ya sauko zuwa kashi 4.1, ba don an buɗe masana'antu ba, sai don an sauya ma'auni, ta yadda duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi a matsayin mai aiki. Wato matasa da yawa suna motsi, amma motsin ba ya kai su ko'ina. A irin wannan yanayi, ɗan jarin da ke hannu da 'yan shekarun ƙuruciya ba su isa a watsa su ta ko'ina ba. Shi ya sa zama a rubuta inda aka dosa ya zama dole.

Abu biyu ake rubutawa, kuma ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne buri, wato hoton inda mutum yake so ya tsinci kansa nan da shekara goma ko sha biyar. Na biyu shi ne manufa, wato aikin da zai riƙa yi kullum, da mutanen da zai yi wa, da iyakokin da ba zai tsallaka ba. Kamfanoni da makarantu sun daɗe suna liƙa irin waɗannan kalamai a bangon ofis. Marubucin nan na Amurka, Stephen Covey, shi ya yayata batun a matakin mutum ɗaya a littafinsa na 1989 kan ɗabi'u bakwai na mutanen da ke cimma nasara, inda ya shawarci mai karatu ya ƙaddara ranar jana'izarsa, ya tambayi kansa wace shaida yake so a yi masa.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A wurin zaman makoki ba a lissafa motoci, cewa ake yi, "Wane mutumin kirki ne." Masanin nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa da aka buga a 1974, ya tattara siffofi goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Matashin da ke neman tubalin gina manufarsa ba sai ya kwafo daga intanet ba. Ya zaɓi biyu ko uku daga cikin waɗannan da ba zai sayar da su ko da nawa ba, ya ɗora sana'arsa a kai.

Misali zai fi fito da abin fili. Matashin da ke koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano zai iya rubuta burinsa haka: "Nan da shekara goma ina da shago nawa, kuma na yaye yara aƙalla goma da ke cin gashin kansu." Manufarsa kuma: "Ina gyara waya a kan lokacin da na yi alkawari, ba na sa tsohon kaya in ce sabo ne, ba na buɗe hotunan mutane." Ita kuma wadda ta gama makarantar ungozoma za ta iya cewa burinta shi ne matan ƙauyensu su daina haihuwa a kan hanyar asibiti, manufarta kuma ita ce ta zauna aiki a karkara, ta ƙaro ilimi duk bayan shekara uku, kuma kada ta taɓa daka wa mai naƙuda tsawa.

Amfanin irin wannan rubutu yana bayyana ne ranar da zaɓi ya zo. Idan aka ce wa mai gyaran waya ya sayar da kayan aikinsa ya zuba kuɗin a wata harka mai ninka riba cikin wata guda, takardarsa ta riga ta ba shi amsa. Idan aka yi wa ungozomar tayin aikin ofis a birni, ta san abin da za ta rasa idan ta karɓa, ko da a ƙarshe ta karɓa ɗin. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda bai rubuta wadda ya zaɓa ba, kullum sai ya kai hannu ga duka biyun.

Sai dai rubutu shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, kuma Najeriya kanta ta isa shaida. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kwamitin tsara burin shekarar 2010 ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1997, Abacha ya rasu a 1998, rahoton ya koma durowa. Daga baya aka fito da burin 20:2020, wanda ya ce zuwa 2020 Najeriya za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya, da arzikin da ya kai Dala biliyan 900. Shekarar ta zo ta tarar da ƙasar cikin karayar tattalin arziki. Kalaman sun yi kyau, amma ba a ɗaure su da kasafin kuɗi na kowace shekara ba, kuma duk gwamnatin da ta zo sai ta ɗauko nata sabon tsarin.

Darasin ga matashi a fili yake. Burin da ba a gutsuttsura shi zuwa aikin shekara, na wata da na mako ba, ado ne kawai. Mai son shago nan da shekara goma dole ya san nawa zai riƙa zubawa a adashi kowane mako, da wane gyara ne bai iya ba tukuna, da wurin wa zai koya. Ya kuma ware rana, ko sau biyu ne a shekara, ya ɗauko takardar ya auna kansa da ita ba tare da ya yi wa kansa ƙarya ba.

Akwai masu cewa wannan duk shiga hurumin ƙaddara ne, tunda bawa ba ya tsara wa kansa gobe. Amma manomi ma bai san yadda damina za ta kaya ba, duk da haka yakan yi sharar gona, ya kai taki, ya tanadi iri tun rani. Babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin tawakkali. Wasu kuma na ganin wanda bai ci na rana ba ina shi ina burin shekara goma. Gaskiya ce mai ɗaci, kuma babu takardar da za ta maye gurbin wutar lantarki, tsaro da jari, waɗanda nauyin gwamnati ne. To amma ɗan mai kuɗi idan ya yi kuskuren sana'a, akwai mai ɗaga shi. Ɗan talaka sau da yawa dama ɗaya gare shi, don haka shi ya fi buƙatar ya san inda zai sa ta.

Wani abin lura shi ne, a nan mutum ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Burin da bai yi lissafin iyaye da suka tsufa, ƙanne da ke makaranta da aure da ke tafe ba, ba zai wuce wata shida ba. Ya kamata matashi ya nuna abin da ya rubuta ga mutum ɗaya ko biyu da suka san shi kuma ba sa jin nauyin faɗa masa gaskiya, ko mahaifi ne, ko maigidansa a sana'a, ko tsohon malaminsa. Liƙa shi a Facebook don a yaba ba shi ne nufin ba.

Hukumomi ma da nasu rabon. Tun 2012 hukumar NYSC ke gudanar da shirin koyar da sana'o'i na SAED a sansanoninta. Ƙara zama ɗaya da za a taimaki kowane matashi ya rubuta burinsa da manufarsa kafin ya zaɓi sana'ar da zai koya ba zai ci wani kuɗi ba. Haka makarantun sakandare: ɗalibi ya fara wannan tunani kafin ya cike fom ɗin JAMB, ba sai ya kai aji uku a jami'a sannan ya gano kwas ɗin abokinsa ya bi ba.

Abin da ake buƙata bai wuce biro, takarda da awa ɗaya ba tare da waya ba. Jimla ɗaya ta buri, biyu ko uku na manufa, da aikin da za a fara ranar Litinin. Wataƙila a gyara rubutun sau da yawa kafin a kai, wannan ba laifi ba ne. Amma ranar da kawu ya sake tambaya, "Yanzu sai me?" aƙalla akwai amsar da za a ba shi.