Kafin Mu Ɗora Wa Lasifika Laifi

Duk wanda ya taɓa jiran motar Aboisso ko Noé a Gare de Bassam ta Treichville ya san irin ƙarar wurin: wannan ya saki waƙa, wancan wa'azi, direba na gwada rediyonsa. Sau da yawa muryar a dishe take fita, kamar ana yaga takarda. Nan da nan sai mu ce lasifika ta mutu, mu nufi Black Market a Adjamé mu sayo wata. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Mai gyara na kirki abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda. A sa waƙar a wata waya, a saurara da abin kunne. In ta fita tas, to a duba kebul da amfilifaya. Gurnanin da ba ya yankewa na wutar lantarki ne, wadda a ƙasar nan take kaɗawa sau 50 a sakan. Kukan da ke hawa in an taka totur kuwa daga altaneta yake. In waƙa na tsalle ko ta tsaya cik, a zargi memori, don jabu sun yi yawa.

Amma in ta dishe a kowace waya, to tun wajen ɗauka aka ɓata ta, kuma nan ne abin ya dame mu. Kwamfuta da lambobi take auna sauti (faifan CD sau 44,100 a sakan), lambobin kuma suna da iyaka. Mai kwafa in ya ƙure ƙara, sai a share wa sautin kai kamar mudun geron da aka share wa tozo. Rage ƙara daga baya ba ya mayar da abin da ya zube. Haka MP3, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, zubar da wani sashe na sauti yake don fayil ya ƙanƙance, kuma duk sake matsawa sabuwar hasara ce. Balle masu kara waya a bakin lasifika su aiko ta saƙon muryar WhatsApp, wanda don magana aka yi shi. Kalangu bai ji daɗin wannan ba.

Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Kaset ɗin da iyayenmu suka zo da su daga Kano da Maraɗi, wasunsu da wuya a sake samun irinsu, ga shi ana kwafa su a gurguje a jefar. Mai irin wannan kaset ya tsaya a kan mai kwafa: kada ma'aunin ƙara ya taɓa ja, a ajiye kwafi ɗaya a WAV, mai cin wajen megabait 10 a minti, sannan a fitar da MP3 daga gare shi. Kaset ɗin kuma a mayar da shi akwati mai murfi, nesa da danshin Abijan.