FILIN SHARI'A DA ZAMAN JAMA'A: Wanda ya taɓa shiga kaso, a ba shi kula da tsoho?

Damina ta wuce, an yanke hatsi, an cika rumbu. Yanzu samarin ƙasar Gaya sun fara ɗaure kaya. Daga Tanda da Bengu da Bana da Tunuga da Yelu, wasu za su ƙetare kogi zuwa Malanbil, su wuce Paraku ko Kwatano. Wasu za su bi ta Kamba su shiga Najeriya. Haka ake yi kowace shekara.

A gida ana barin mata da yara da tsofaffi. Tsohon da ɗansa ke kusa ba shi da damuwa. Amma akwai wanda ido ya mutu, ƙafa ta ƙi, ƴaƴa sun yi nisa. Akwai tsohuwar da Allah bai ba haihuwa ba. Wa zai ɗebo musu ruwa? Wa zai gyara darni in iska ya kayar da shi?

A garuruwan nan kuma akwai majiya ƙarfi da suke zaune ba aiki. Su ne waɗanda suka fito daga gidan kaso. Kowa yana gudunsu. Mai gona ba ya kiransu ƙwadago, mai shago ba ya ba su tsaro. Shi ya sa ake tambaya: tun da ga tsoho yana bukatar hannu, ga hannu yana bukatar aiki, me zai hana a haɗa su? Maganar tana da nauyi. Ya kamata manoma da makiyaya su duba ta da idon basira.

ABIN DA DOKA TA KAWO

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2017, Nijar ta yi doka mai lamba 2017-05. Dokar ta ba alƙali ikon yanke wa mai ƙaramin laifi hukuncin aiki don amfanin jama'a, maimakon zaman kaso. Mutumin yana kwana gidansa. Da rana ya tafi inda aka tura shi, ya yi aiki ba a biya shi ko dala ba, har lokacin da aka yanke masa ya cika.

Ba Nijar ce ta fara ba. Ingila ta yi irin wannan doka a 1972, Faransa a 1983, Kenya a 1998, Burkina Faso a 2004. Najeriya ma ta sa shi cikin dokarta ta 2015. Dalilin duk ɗaya ne. Gidajen kaso sun cika. Ciyar da ɗan kaso kuɗin ƙasa ne. Kuma yaron da ya saci akuya, in aka kwantar da shi ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi, yakan fito ya fi yadda ya shiga lalacewa. A bayansa gonarsa ta yi ciyawa, iyalinsa sun shiga wahala.

Kada a haɗa wannan da aikin tilas na zamanin Turawa, wanda kakanni suka bar labarinsa, wanda aka soke a 1946. A wancan, ana kama mutumin da bai yi laifin kome ba. A wannan kuwa, sai wanda kotu ta tabbatar da laifinsa.

Irin aikin da aka saba ba su shi ne shara, da yashe magudanar ruwa, da gyaran lakwal ko likita, da dashen itatuwa. To, ko kula da tsofaffi yana iya shiga ciki? A nan ne bakin mutane ya rabu biyu.

MASU CEWA A BA SU

Su suna cewa wanda ya gama hukuncinsa ya biya bashinsa. Malamai suna koyarwa cewa ƙofar tuba a buɗe take muddin mutum yana numfashi. In Allah yana karɓar tuba, don me gari zai ƙi karɓa? Suna ƙarawa da cewa mutumin da aka hana aiki ko'ina, ciki zai mayar da shi sata. Wato gudunsa da ake yi shi ne ke sake mayar da shi ɓarawo.

Suna kuma cewa zama kusa da dattijo magani ne. Saurayin da ya wuni yana yi wa tsoho noma, ya ji nasiha, ya sha albarka, zuciyarsa tana iya yin laushi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Amurka, a babban gidan kason jihar Luwiziyana, tun ƙarshen shekarun 1990 ƴan kaso ne ke jinyar ƴan'uwansu da tsufa ko ciwon ajali ya kama. Suna yi musu wanka, suna ba su abinci a baki, suna zama kusa da su har rai ya yi halinsa. Cikin masu jinyar akwai waɗanda suka yi manyan laifuka. Sai dai ana zaɓensu ɗaya-ɗaya, ana koya musu aikin, kuma ma'aikatan lafiya suna sa musu ido.

MASU CEWA A'A

Su kuma suna cewa ba a ba kura ajiyar nama. Tsoho ba kamar kowa ba ne. In an ɗauke masa kuɗi a ƙarƙashin tabarma, ba ya gani. In an rage masa tiya biyu a rumbu kowane mako, ba zai sani ba sai bazara, lokacin da hatsi ya ƙare kafin lokacinsa. In an mare shi, ba ya iya ramawa. In ya faɗa, a ce rikicin tsufa ne. Wani ma ba zai faɗa ba, don yana tsoron kada mai ɗebo masa ruwan ya daina zuwa.

Haka tsohon makiyayi. Duk abin da ya tara a duniya yana tafiya da ƙafa huɗu. In aka ba ɓarawon shanu garkensa, kasuwar ƙetare ba ta da nisa daga Gaya. Saniyar da ta tsallake iyaka da dare, da wuya a sake ganinta.

Masu wannan ra'ayi suna cewa tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, ba wanda ke ganin zuci. Akwai tuban gaskiya, akwai tuban muzuru. Don me za a gwada mutum a kan wanda ya fi kowa rauni?

YADDA INGILA TA RABA GARDAMA

A ƙauyukan Gaya ba a san gidan ajiye tsofaffi ba. Tsoho yana tsufa cikin danginsa. A manyan birane kamar Kano ne ake samun gidan gajiyayyu na gwamnati. A Turai kuwa irin gidajen suna da yawa ƙwarai, kuma ma'aikata ne ake biya su kula da tsofaffin. Don haka sun daɗe suna fama da wannan tambaya.

A Ingila, duk mai neman aiki a irin gidan nan sai an binciki bayansa. Tun 2012 akwai wata hukuma guda da ke wannan bincike. Tana riƙe da sunayen mutanen da aka haramta wa aiki da yara ko da manya masu rauni. Wanda sunansa ke ciki, laifi ne ya nemi aikin. Laifi ne kuma ga mai gidan ya ɗauke shi yana sane. Amma ba duk wanda ya taɓa shiga kaso ake sa sunansa ba. Ana duba irin laifin, da daɗewarsa, da halin mutumin tun daga lokacin.

Abin koyi a nan shi ne, ba su tara masu laifi duka cikin buhu ɗaya ba.

LAIFI IRI-IRI NE, AIKI MA IRI-IRI NE

A ƙasar Gaya, mutane suna shiga kaso bisa dalilai masu yawa. Wani an kama shi da man fetur ko kaya a kan iyaka ba takarda. Wani ya sari giginya ba izini. Wani faɗa ne ya haɗa shi da maƙwabci kan iyakar gona ko ɓarnar dabbobi. Wani ya fasa rumbu. Wani ya yi fyaɗe, ko ya daki mahaifinsa, ko ya cinye dukiyar maraya. Duka sunansu ƴan kaso, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya sari giginya bai nuna mugunta ga mai rauni ba. Wanda ya cuci yaro ko mace ko tsoho, shi ya riga ya nuna abin da yake yi in ya sami wanda ya fi ƙarfi.

Aikin tsoho shi ma kashi biyu ne. Akwai aikin waje: noman gonarsa, yaɓen ɗaki, baibayar jinka, gyaran darni, faskaren itace, ɗebo ruwa. Ana yin sa da rana, a idon jama'a, kuma kowa yana iya ganin ko an yi ko ba a yi ba. Akwai kuma aikin ciki: riƙe makullin rumbu, karɓo kuɗin da ɗa ya aiko daga Kwatano, ba da magani, wanka, kwana ɗaki ɗaya. Wannan ba mai gani sai Allah.

Da an raba su haka, amsa ta fito. Aikin waje ana iya ba mai ƙaramin laifi, kuma alheri ne ga kowa. Tsoho ya sami gonarsa a nome, saurayi ya sami hanyar wanke sunansa. A zamanin Shugaba Saini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ayyukan gayya da yawa a garuruwa. Gayya a gonar gajiyayye daɗaɗɗiyar al'ada ce. In wanda ya fito daga kaso ya shiga layin masu hauya tare da tsaransa, ba wanda ya yi hasara.

Aikin ciki kuwa amana ce, kuma amana hawa-hawa ake ba da ita. Ba ranar da mutum ya fito ake miƙa masa makulli ba. Sai an ga damina ɗaya, an ga biyu, an ga yadda yake da kayan mutane. Shi kuwa wanda ya taɓa cutar mai rauni, a nema masa aiki wani wuri. Ƙasa tana da aiki da yawa: akwai fadamar shinkafa, akwai gonakin rake, akwai gishirin Foga, akwai gyaran hanya. Hana shi ɗakin tsoho ba hana shi abinci ba ne.

TAKARDA KAƊAI BA TA ISA BA

A Nijar akwai takardar da kotu ke bayarwa, wadda ake kira kaziye. Tana nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Mai neman aikin gwamnati ya san ta. Tana da amfani, amma a gari irin Gaya tana da iyaka. Ƙasa uku ne suka haɗu a nan. Abin da mutum ya aikata a Kamba ko a Malanbil ba lalle ne ya fito cikin takardar Nijar ba. Don haka baƙon da ya zo neman aikin gida, a tambayi garinsu, a tambayi wanda ya san shi, a kai shi gaban mai unguwa.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasi a 2017 cewa, cikin mutum 6 masu shekara 60 zuwa sama, 1 yana gamuwa da cuta ko wulaƙanci a cikin shekara guda. Sau da yawa mai cutar na gida ne: ɗa, ko jika, ko suruka, wanda bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Saboda haka idon da za a sa wa ɗan kaso, a sa shi ga kowa. Tsohon da maƙwabta ke leƙawa safe da yamma, da wuya a cuce shi.

ABIN DA YA KAMATA GARI YA KIYAYE

1. A fara tambayar tsohon kansa. In ya ce ba ya so, magana ta ƙare. Gidansa ne.

2. A san irin laifin da mutumin ya yi. Maigari ko mai unguwa ya binciko gaskiya, kada a dogara da jita-jitar kasuwa.

3. Aikin ya zama da rana, kuma ba shi kaɗai ba. A haɗa shi da wani.

4. Kuɗi da makulli da magani su zauna hannun wani amintacce, wanda dangi da liman suka sani. A auna hatsin rumbu, a ƙidaya dabbobi gaban shaidu. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta a takarda. Wannan yana kare tsohon, yana kuma kare ma'aikacin daga ƙazafi.

5. A sa mutum guda da zai riƙa leƙa tsohon shi kaɗai, ya tambaye shi lafiya ba a gaban mai aikin ba.

6. In an ga ɓarna, a kai magana ga maigari ko jandarmomi nan take. Kada a rufe don kunya.

7. In mutum ya yi aikinsa da gaskiya, a faɗa a bainar jama'a, kamar yadda aka faɗi laifinsa. A kira shi biki, a kira shi ƙwadago.

A Nijar, masu shekara 60 zuwa sama ba su kai 5 cikin 100 ba. Ba su fi ƙarfin gari ba. A 2016 ƙasashen Afirka sun amince da wata yarjejeniya a Adis Ababa don kare haƙƙin tsofaffi, kuma kowace shekara ranar 1 ga watan Oktoba ce ranarsu a duniya. Amma yarjejeniya ba ta ɗebo ruwa. Samari kafin su tafi ci-rani, su zauna da maigari, a san hannun wa aka bar kowane tsoho a ciki.

A wata mai zuwa, filin zai duba yadda ake biyan ɓarnar gona tsakanin manomi da makiyayi. Allah ya ba tsofaffi lafiya, ya maido matafiya gida lafiya.