Gyaran tsofaffin finafinai: kwamfuta na ganin ƙwarzane, amma ba ta san karan hatsi ba

Tun 2017 da gidauniyar Martin Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinan Afirka ta FEPACI suka ƙaddamar da shirin ceto finafinai 50 na nahiyar, zancen gyaran tsofaffin faya-fayai ya daina zama na Turawa kaɗai. Nijar na da ruwa da tsaki a ciki. Fim ɗin Umaru Ganda, "Le Wazzou polygame", shi ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972, ga kuma ayyukan Mustafa Alasan da ya yi zamansa a Tawa har ya rasu a 2015.

Aikin ba ƙarami ba ne. Daƙiƙa ɗaya hotuna 24 ce, fim mai minti 90 kuwa hotuna 129,600. Babu mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu ba tare da kuɗi sun ƙare ba, shi ya sa aka ɗora wa kwamfuta neman tabo.

Ƙura ba ta ba ta wahala. Ɗigon datti a hoto ɗaya yake fitowa, sai ta duba na gabansa da na bayansa, ta ga babu shi, ta cike gurbin. Ƙwarzane ne matsala. Ƙwayar rairayi da ta maƙale cikin injin haska fim tana jan layi daga sama zuwa ƙasa, wuri guda, cikin ɗaruruwan hotuna a jere. Kwatantawa ba ta da amfani a nan, don layin yana ko'ina. Dole kwamfutar ta nemi duk wani siririn abu da ke tsaye, mai haske ko duhu fiye da maƙwabtansa. To, a fim ɗin da aka ɗauka a karkarar Nijar, wannan siffa ta dace da karan hatsi, da igiyar guga, da taɓaryar da aka jingine a danga. Idan aka sake mata, za ta share su.

Akwai ma ƙwarzane na ganganci. Norman McLaren, wanda Alasan ya koyi zanen majigi a wurinsa a Kanada, kan faifan kansa ya karce fim ɗinsa "Blinkity Blank" na 1955.

Saboda haka har yanzu mutum ne ke yanke hukuncin ƙarshe, kuma a nan gizo ke saƙa. Asalin faya-fayan finafinan Afirka da dama suna ajiye a Turai, can ake gyara su, a hannun ƙwararrun da ba lallai sun taɓa ganin rijiya da guga ba. Sayen injin ɗaukar hoton faifai na da tsada ga Nijar. Horar da ƴan ƙasa biyu ko uku su zauna gaban allo lokacin tantancewa bai kai haka ba, kuma shi ya kamata hukumomin al'adu a Yamai su sa cikin kowace yarjejeniyar gyara da za su rattaba wa hannu.