Shinge Goma, Babu Mai Duba Idon Direba

'Yan uwa, mu daina laƙaba wa ƙaddara laifin da ke da mai shi.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, an shafe mita 80 da 'yan kai babu mai kula da sitiyari. Mun san irin direban: ya kwana tuƙi daga Legas, ya sauke a Kano, ya sake lodi, goro a kumatu, ido jajur. Wani ma ciwo gare shi bai sani ba. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ko awa takwas ya kwanta, a gajiye yake tashi. Mu kuwa dariya muke masa a tasha.

To, shinge nawa ya wuce? A kowanne ɗan sanda ya haska tocila, amma hannun direba yake dubawa, ba idonsa ba. Ya karɓi na goro, ya janye itace. In mota ta kife can gaba, sai a ce "ta ƙwace masa", a kwashi gawa, shi ke nan. Tun 1988 muke da hukumar kiyaye haɗurra. Me zai hana binciken hatsari ya fara da tambayar yaushe rabon direba da barci, kuma wane jami'i ya bar shi ya wuce?

Mu marubuta ma da namu laifin. Labari ya cushe mana, sai mu kashe uban jaruma a hanyar Kaduna cikin layi ɗaya, ba mu ce kwana nawa direban ya yi bai runtsa ba.