Kafin a sayi janareta, a nema masa wurin kwana

Idan maigida ya shiga kasuwa sayen janareta, tambayoyinsa biyu ne: nawa ne, kuma zai ɗauki firji? A ganina akwai tambayar da ta riga waɗannan, musamman a gidan da ake jinya: ina za a ajiye shi idan dare ya yi?

Dalili shi ne hayaƙi. Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, takan manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke riƙe da su. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato abubuwan da muka saba ɗora wa zazzaɓin cizon sauro. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya su take fara kayarwa.

Hukumar CDC ta Amurka ta ce a ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, kimanin mita 6. Mu kuwa tsoron ɓarawo da ruwan damina kan sa mu ja shi zaure ko ƙarƙashin matakalar bene. Tsoron yana da hujja, amma buɗe taga ba ya maganin wannan iska. Saboda haka a lissafa kuɗin keji na ƙarfe mai rufi da buɗaɗɗen gefe, da doguwar waya mai kauri, da ƙararrawar da ke gano iskar, a cikin kuɗin injin tun farko. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, gara ya sayi ƙaramin inji da kayan kariyarsa da ya sayi babba tsirara.

Sai maganar ƙarfi. Lamba biyu ake rubutawa a jikin janareta: ƙarfin tashi da ƙarfin aiki, kuma na biyun ne abin dubawa. Ƙaramin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai wuce wat 650 ba. Na'urar tace oksijin mai lita 5 ita kaɗai tana cin wat 300 zuwa 400, firjin da ake ajiye insulin kuma kan ja ninki uku na abin da yake ci a lokacin da ya tashi. Haɗa su kan ƙaramin inji ganganci ne. Nau'in inbata ya fi tsada, amma wutarsa ba ta hawa da sauka, kuma shi ya fi dacewa da na'urorin jinya.

Kada a zuba fetur inji na aiki ko yana da zafi.

Idan mutanen gida suka tashi da ciwon kai lokaci guda, ba zazzaɓi, a fitar da kowa waje, a kashe injin, a nufi asibiti. A can kuma a faɗa wa likita cewa janareta ya kwana yana aiki, domin na'urar da ake maƙala wa yatsa tana iya nuna oksijin lafiya lau alhali jini ya cika da guba.