Masu Raino a Cikin Littafi, da Gidan da Na Yi Raino

A Littafin Farawa sura ta 24, sa'ad da Rifkatu za ta bar gidan iyayenta ta tafi auren Ishaku, an sallame ta tare da mai rainonta. Ba a faɗi sunan matar ba. Sai can a sura ta 35, bayan Rifkatu ta haifi tagwaye sun girma, Yakubu ya yi shekara 20 a gidan Laban ya dawo da mata da 'ya'ya, sannan aka ambaci sunanta, Debora. Ranar mutuwarta ke nan. Aka binne ta a gindin wani babban itace kusa da Betel, aka yi mata kuka har itacen ya samu suna daga kukan. Littafin bai ba da labarin ranar da Rifkatu ta rasu ba, amma ya ba da na mai rainonta.

Na gamu da wannan aya ne a wani gida a Wusasa, inda na yi aikin raino bayan na gama sakandare, lokacin da kuɗin ci gaba da karatu ya gagari iyayena. Uwargidan ma'aikaciyar jinya ce, tana yawan aikin dare, maigidan kuma malamin makaranta. Yara uku na tarar, autan yana goye. Mama da Baba nake kiransu, yaran kuwa Anti suke ce mini.

Akwai wani tsohon Littafi Mai Tsarki a gidan, na mahaifin Baba, bangonsa ya tafi, an naɗe shi da ƙyallen atamfa. Baba ya ce irin fassarar farko ce, wadda Likita Mila da abokan aikinsa suka yi, aka buga ta cikakkiya a 1932. Da ya ga ina leƙa shi, sai ya sayo mini nawa sabo, ya ce in riƙa karantawa idan auta ya yi barcin rana, wanke-wanke ba zai gudu ba. Ban taɓa jin an faɗa wa 'yar aiki haka ba. Daga nan na kama neman masu raino a cikin Littafin, sura bayan sura, kuma sun fi yadda na zata yawa.

Ga uwar Musa a Fitowa sura ta 2, wadda 'yar Fir'auna ta biya lada don ta shayar da ɗan cikinta. Ga Na'omi da ta rungumi Obida a tsufanta. Ga wadda aka ɓoye tare da jariri Yowash a ɗakin kwana lokacin da Ataliya ke karkashe 'ya'yan sarauta, yaron ya yi shekara 6 a ɓoye kafin ya hau gadon mulki. Wata maƙwabciyarmu Musulma, da na ba ta waɗannan labarai muna tsinar shinkafa, ta ce ai su ma suna da Halimatu Sa'adiyya, kuma ba a ambatonta sai da girmamawa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce mai rainon Mefiboshet ɗan Jonatan, a 2 Sama'ila sura ta 4. Labari ya zo daga Yezreyel cewa Saul da Jonatan sun mutu, ta suri yaron, ɗan shekara 5, ta ruga don ta ceci ransa, garin sauri ya faɗi, ya gurgunce har ƙarshen rayuwarsa. Duk wadda ta taɓa goya ɗan wani ta san wannan fargaba. Kina ɗaure majanyi kina sake dubawa. Kina taɓa goshinsa da tsakar dare, uwarsa tana can asibiti tana jinyar 'ya'yan wasu. Akwai daren da zawo da amai suka kama auta, na haɗa ruwan gishiri da sukari yadda Mama ta koya mini, ina ɗura masa da cokali kaɗan-kaɗan, Baba ya fita neman mota. Da asuba Mama ta dawo ta same mu, ta duba yaron, ta juyo ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, sannu. Je ki kwanta, ni zan karɓa." Ita da ta kwana a tsaye. Littafin bai zargi mai rainon Mefiboshet da ko kalma ɗaya ba, kuma ina ganin wanda ya rubuta ya san nauyin da ta ɗauka.

Na san ba haka kowane gida yake ba, kuma abin yana ci mini rai. A Zumuntar Mata ta coci na haɗu da 'yan aikatau da dillaliya ta kwaso daga ƙauye, ita ke karɓe albashinsu, su kwana a kicin, su ci sauran abinci, ana kiransu "ke" shekara da shekaru. Wasunsu a gidajen masu zuwa sujada kowace Lahadi suke. Tun 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 189 kan masu aikin gida, wadda ta tanadar musu hutun akalla awa 24 a jere kowane mako. Mama da Baba ba su jira wata takarda ba. Lahadi tawa ce, albashina a hannuna ake sa shi a ƙarshen wata, a tebur ɗaya muke cin tuwo, kuma a addu'ar iyali da dare ana ambaton iyayena da ƙannena da sunayensu. Mai karanta Littafi da gaske, a wajena, a nan ake gane shi.

Da na samu gurbi a kwalejin horar da malamai, Baba ne ya cike mini takardu, Mama ta haɗa mini akwati, har da yaji da daddawa da man gyaɗa. Mama, Baba, na gode. Allah ya saka muku da alheri, ya raya yaran nan, ya ba ku masu riƙe ku da mutunci a tsufanku. Wadda ta gaje ni kuwa na zauna da ita kafin in tafi, na gaya mata cewa auta ba ya shan kunu da zafi, babbar tana tsoron duhu amma ba za ta faɗa ba, na tsakiyan kuma sai an karanta masa labarin Dawuda da Goliyat kafin ya yarda ya shiga gidan sauro.